Yadda za ka gano fayilolin da Git ke bibiya da waɗanda ya bari a waje

Saƙonni iri biyu ne suka fi zuwa mini daga masu koyon rubuta manhaja da Git, wato manhajar da ke adana tarihin canje-canjen fayilolin aiki, a 'yan kwanakin nan. Na farko yakan ce ya tura aikinsa GitHub, shafin da ake ajiye ayyukan manhaja a intanet, lafiya ƙalau, amma da abokin aikinsa ya sauke sai ga shi babu hotuna, ko wani fayil da manhajar ba ta tashi sai da shi. Na biyu kuma kukansa shi ne ya rubuta sunan fayil a `.gitignore`, inda ake lissafa abin da ba a son Git ya ɗauka, tun makon jiya, amma fayil ɗin bai daina hawa ba. Tushen matsalar ɗaya ne. Dukansu ba su san abin da ke hannun Git da abin da ba ya hannunsa ba, suna dai ganin fayiloli a folda suna ɗauka duk an adana.

Fayilolin da ke cikin foldar aikinka kashi uku ne. Akwai waɗanda Git ya rubuta a rajistarsa yana bibiyar duk canjin da ya same su. Akwai sababbi da yana ganinsu amma ba a taɓa damƙa masa su ba. Akwai kuma waɗanda aka umarce shi ya kau da kai daga gare su. Kashi na biyu da na uku ba su da kwafi a ko'ina sai a kwamfutarka. In ta lalace, sun tafi ke nan.

Zan yi misali da wani ƙaramin aikin shafin kanti, folda mai suna `kanti`, a cikinta akwai `index.html`, `app.js`, `rasit.js`, foldar `hotuna`, foldar `node_modules` mai ɗauke da kayan manhajar da aka sauko daga intanet, da fayil ɗin sirri `.env`.

Kayan aiki da kuɗin da za ka kashe

Git kyauta ne. A Windows, sauke shi bai kai megabait 100 ba, kuma yana zuwa da taminal ɗinsa, wato tagar rubuta umarni, mai suna Git Bash. Shi nake so ka buɗe, domin wasu umarnin da za mu haɗa da na Git, irin su `wc` da `grep` da `sort`, a cikinsa suke aiki kai tsaye. A Ubuntu `sudo apt install git` ya wadatar. Mai aiki da wayar Android a cikin Termux ya rubuta `pkg install git`. Bayan wannan, duk umarnin da ke ƙasa ba sa cin data ko kaɗan, in ban da guda biyu da zan nuna maka idan mun iso wurinsu.

1. Tabbatar da inda kake tsaye

Kafin komai, shiga foldar aikin ka rubuta:

`git rev-parse --show-toplevel`

Zai nuna maka tushen ma'ajiyar, wato foldar da `.git`, ɓoyayyiyar foldar da Git ke ajiye tarihin aikin, ke zaune a ciki. Karanta amsar da kyau. In ka ga ta ƙare da `kanti`, madalla. In ka ga `C:/Users/` da sunanka kawai, to a wani lokaci ka buga `git init` a babbar foldar gidanka ba ka sani ba, shi ya sa Git ke lissafo maka Desktop da Downloads da duk tarkacen kwamfutar a matsayin sababbin fayiloli. Wannan kuskure ya yi yawa a wurin sababbin shiga.

Gargaɗi: in haka ta same ka, kada ka kuskura ka buga `git add .` ko wani umarnin gogewa a wannan wuri. Tsaya ka fara gano ko ka taɓa yin komit, wato adana aiki a tarihin Git, mai amfani a can tukuna.

Saƙon `fatal: not a git repository` yana nufin ba ka cikin ma'ajiya kwata-kwata, ka duba foldar da ka shiga. Masu yawo da aiki a filash kuma sukan gamu da saƙon da ke ɗauke da `dubious ownership`. Git ne ke cewa bai yarda da mamallakin foldar ba. A ƙarƙashin saƙon yakan rubuto maka ainihin umarnin `safe.directory` da za ka kwafa. In foldar taka ce, ka kwafa ka buga. In ba ka san daga inda ta fito ba, ka bar ta.

2. Kallon farko

`git status` kowa ya san shi, amma maganarsa tana da tsawo. Gajerarsa ta fi saurin karantuwa:

`git status -s`

A aikin kantinmu zai iya fitowa haka:

```
 M app.js
A  rasit.js
?? gwaji.txt
?? hotuna/
```

Gurbi biyu ne a gaban kowane suna. Na hagu yana faɗin halin fayil a rajistar Git, na dama yana faɗin halinsa a foldarka. `M` a dama na nufin ka gyara `app.js` amma ba ka yi masa `git add` ba. `A` a hagu na nufin `rasit.js` sabo ne, an shigar da shi rajista, komit kawai yake jira. Alamar tambaya biyu kuwa ita ce abin da muke nema: Git bai riƙe `gwaji.txt` da `hotuna` ba.

A nan ne mai saƙo na farko ya faɗi. Ya saba da `git commit -am "gyara"`, yana zaton `-a` na nufin a kwashe komai. Ba haka ba ne. Wannan harafi yana kwasar canjin fayilolin da ke rajista ne kaɗai. Sabon fayil ko ya shekara a foldar ba zai shiga ba sai an yi masa `git add` da hannu.

Lura kuma da `hotuna/`. Layi ɗaya ne, alhali hotuna arba'in na iya kasancewa a ciki. Idan folda gaba ɗayanta sabuwa ce, Git yakan dunƙule ta. Don ya warware maka ita ɗaya bayan ɗaya:

`git status -s -uall`

Gargaɗi: in ka tabbata akwai sabon fayil amma `??` bai fito ba sam, duba ko an kashe nuna su da `git config status.showUntrackedFiles`. In amsar `no` ce, nan matsalar take, kuma `-uall` zai tsallake wannan saitin.

Abin da `git status` ba zai taɓa nuna maka ba shi ne fayil ɗin da ke rajista kuma ba a taɓa shi ba. `index.html` bai fito a sama ba saboda lafiyarsa lau. Shi ya sa wannan umarni shi kaɗai bai isa amsa tambayarmu ba.

3. Jerin abin da Git ke bibiya

`git ls-files`

Wannan shi ne karanta rajistar kai tsaye. Duk sunan da ya fito, Git na bibiyarsa. Wanda bai fito ba, ba ya bibiyarsa. Don sanin adadinsu:

`git ls-files | wc -l`

Ina ba da shawarar ka riƙa duba wannan lamba, domin tana tona asirin kuskure da wuri. Ƙaramin shafin kanti da bai fi fayil talatin ba, ka ga lamba ta haura dubu goma, ka san `node_modules` ta kutsa cikin rajista.

Abubuwa uku ne ke rikita mutane a wannan mataki, kuma kowanne na taɓa ganin ya ɓata wa wani yini guda.

Na ɗaya, umarnin yana duba foldar da kake tsaye a ciki ne da abin da ke ƙarƙashinta kawai. In kana cikin `kanti/css`, fayilolin `css` kaɗai za ka gani, sai hankalinka ya tashi ka ɗauka saura sun ɓace. `git status` ba haka yake ba, shi ko'ina kake yana duba ma'ajiyar duka. Ka koma tushe, ko ka rubuta `git ls-files :/` ya lissafo daga tushe.

Na biyu, rajista daban, komit daban. `rasit.js` da muka yi wa `git add` zai fito a jerin ko da yake bai shiga komit ko ɗaya ba. Haka nan fayil ɗin da ka goge daga folda zai ci gaba da fitowa har sai ka sanar da Git gogewar. Don ganin irin waɗannan da suke rajista amma babu su a folda, `git ls-files -d`. Waɗanda aka gyara kuma `git ls-files -m`, sai dai shi yana haɗawa har da gogaggun.

Na uku ya shafe mu masu rubutu da Hausa kai tsaye. Ka sa wa fayil suna `ƙasa.txt`, sai ka ga Git ya nuna maka `"\306\231asa.txt"`. Ko `ɗalibai.csv` ya koma `"\311\227alibai.csv"`. Fayil ɗin bai lalace ba. Git ne ke rubuta duk harafin da ba na Ingilishi ba da lambobi. Gyaransa sau ɗaya ne:

`git config --global core.quotepath false`

Daga nan ƙ da ɗ da ɓ za su riƙa fitowa da lanƙwasarsu. Duk da haka, ni a fayilolin da manhaja za ta kira da sunansu nakan guji haruffa masu lanƙwasa da tazara a tsakiyar suna. A takardu da rubuce-rubuce kuwa ina sa su yadda Hausa ta tanada.

Idan fayil ɗaya tak kake son tambaya a kansa:

`git ls-files --error-unmatch .env`

In ya maimaita maka sunan, yana rajista. In ya ce `did not match any file(s) known to git`, ba ya ciki. Ga fayil ɗin sirri irin `.env`, wannan saƙon kuskuren shi ne amsar da kake fata.

Akwai wani amfani na wannan jeri da ba a cika faɗa ba. Windows ba ta bambanta `Logo.png` da `logo.png`, amma sabar Linux tana bambantawa. Hoto ya fito a kwamfutarka, ya ƙi fitowa bayan an ɗora shafin, sai ka duba yadda sunan yake a `git ls-files`, domin wannan rubutun ne zai isa saba, ba wanda kake gani a folda ba. In ya saɓa, `git mv Logo.png logo.png` zai daidaita shi.

4. Abin da ya shiga komit, da abin da ya isa GitHub

Tunda rajista ba komit ba ce, ga yadda ake ganin abin da ke cikin komit na ƙarshe:

`git ls-tree -r --name-only HEAD`

Kar ka manta da `-r`, in babu shi fayilolin da ke tushe da sunayen manyan foldodi kawai zai ba ka, ba zai shiga cikinsu ba. A madadin `HEAD`, wanda ke nufin komit ɗin da kake kai yanzu, kana iya sa sunan kowane reshe, wato layin aiki na daban a cikin tarihin. Wanda ke son sanin ainihin abin da abokin aikinsa zai samu in ya sauke, sai ya fara da `git fetch`, mai janyo sabon bayani daga GitHub, wanda shi ne kaɗai umarnin Git da ke buƙatar intanet a wannan jagora, sannan:

`git ls-tree -r --name-only origin/main`

`origin/main` na nufin reshen `main` kamar yadda yake a GitHub, in babban reshenku `master` ne, sai ka canza sunan.

Da wannan umarni kuma ake kamo manyan fayiloli kafin su ja maka asarar data:

`git ls-tree -r -l HEAD | sort -k4 -n | tail`

Zai jero goma mafi nauyi, girman kowanne a gaban sunansa. GitHub yana gargaɗi a kan fayil da ya wuce megabait 50, yana kuma ƙin karɓar wanda ya wuce 100. Gara ka gano bidiyon da ya faɗa ciki tun a nan, da ka zauna kana kallon tura aiki tana cin datarka daga ƙarshe a dawo maka da ita.

5. Jerin sababbin da ba a bibiya

`git ls-files --others --exclude-standard`

A gajarce `git ls-files -o --exclude-standard`. Zai ba ka sunaye zalla, kowane fayil a layinsa, ba alama ba dunƙulewa. A aikinmu za ka ga `gwaji.txt` da hotunan nan ɗaya bayan ɗaya.

Gargaɗi: kada ka bar `--exclude-standard`. In ka bar shi, Git zai haɗa maka har da waɗanda aka ce ya kau da kai daga gare su, sai dubban fayilolin `node_modules` su cika maka allo, abin da kake nema ya nutse a ciki.

Yanzu ka zauna ka bi jerin nan layi-layi. Kowane suna hukunci ɗaya cikin uku ne ke jiransa: ko a yi masa `git add` saboda aikin na buƙatarsa, ko a rubuta shi a `.gitignore` saboda na kwamfutarka ne kai kaɗai, ko a goge shi saboda shara ce. Abin da nake ƙi shi ne a bar jerin ya yi ta tsawo wata da watanni. Idan ido ya saba ganin `??` ashirin kullum, ranar da na ashirin da ɗaya mai muhimmanci ya shigo ba zai lura ba.

Folda da babu komai a cikinta ba za ta fito a wannan jeri ba, kuma `git add` ba zai ɗauke ta ba, domin Git fayiloli yake bibiya ba foldodi ba. In manhajarka na buƙatar folda irin `uploads` ta kasance ko da wayam, al'adar da aka saba ita ce a jefa wani fayil marar komai a ciki mai suna `.gitkeep` a yi masa `add`. Sunan ba wata doka ba ce ta Git, sabo ne kawai na masu sana'ar.

Wani lokaci kuma za ka ga folda ta fito da sunanta kaɗai ta ƙi warwaruwa ko da `-uall`. Leƙa cikinta, galibi za ka tarar tana da nata `.git`, wato wani aikin ne ka sauke a cikin naka. In ka yi mata `git add`, Git zai yi maka gargaɗin `embedded git repository`, kuma abin da zai adana ɗan nuni ne kawai zuwa ga wancan aikin, fayilolin ciki ba za su bi ka ba.

6. Waɗanda aka kau da kai daga gare su

`git status -s --ignored`

Za su fito da alamar `!!`. Ko kuma, in sunaye zalla kake so:

`git ls-files -o -i --exclude-standard --directory`

Kalmar `--directory` ce ke sa `node_modules/` ta tsaya a layi ɗaya. Sababbin nau'o'in Git ba sa karɓar `-i` shi kaɗai, sai an haɗa shi da `-o` ko `-c`, don haka in ka ci karo da tsohon darasi da ya rubuta shi shi kaɗai ya ƙi yi maka, dalilin ke nan.

Wannan kashi ne mutane suka fi mantawa da shi, kuma a cikinsa abubuwa masu tsada suke kwana: `.env` mai ɗauke da makullan sirri, rumbun bayanan gwaji, hotunan da masu amfani da manhaja suka ɗora. `git status` zai ce maka komai tsaf, `nothing to commit, working tree clean`, alhali waɗannan ba su da kwafi a ko'ina. Duk wanda zai kai kwamfutarsa a yi mata sabon Windows, ko zai koma wata sabuwa, ya buga wannan umarni tukuna ya kwashe abin da ba zai iya sake samarwa ba.

Idan kuma fayil ya ƙi shiga, ka yi `git add .` ya yi shiru, bai fito a `??` ba, tambayi Git wace doka ce ta hana shi:

`git check-ignore -v hotuna/tambari.png`

Amsar za ta zo kamar haka:

```
.gitignore:4:*.png	hotuna/tambari.png
```

Wato layi na 4 na `.gitignore` ne ya kama shi. Amfanin wannan umarni shi ne dokokin ba a wuri ɗaya suke ba. Kowace folda na iya samun nata `.gitignore`, akwai `.git/info/exclude` wanda ba ya barin kwamfutarka, akwai kuma na gaba ɗaya da ke aiki a kan duk ayyukanka, wanda saitin `core.excludesFile` ke nunawa. Wanda ya taɓa kwafo wata doguwar doka daga intanet ya zuba a na gaba ɗayan, shekara biyu baya, ba zai tuna ba sai wannan umarni ya nuna masa.

In akasin haka ne, dokar tana nan amma ba ta kama komai, duba abu biyu. Bayani da `#` dole ya kasance a farkon layinsa. In ka rubuta `.env # sirri`, Git zai ɗauki layin duka a matsayin sunan fayil. Sannan wanda ya ƙirƙiri `.gitignore` da `echo` da alamar `>` a tsohon PowerShell na Windows, fayil ɗin yakan fito da tsarin UTF-16 wanda Git ba ya karanta dokoki da shi. Buɗe shi a edita ka sake adana shi a UTF-8.

7. Wanda ke rajista alhali an ce a kau da kai

Ga amsar mai saƙo na biyu. `.gitignore` ba ta da iko a kan fayil ɗin da ya riga ya shiga rajista. Ƙofa take tsarewa, wanda ya riga ya shige ciki ba ruwanta da shi. Don kamo duk irin waɗannan:

`git ls-files -c -i --exclude-standard`

A ma'ajiya mai tsabta wannan umarni ba ya fitar da komai, sai fa abin da aka sa da gangan. In ka ga `.env` ko `node_modules`, cire su daga rajista ba tare da goge su daga foldarka ba:

`git rm --cached .env`

`git rm -r --cached node_modules`

Sannan ka yi komit.

Gargaɗi na farko: kalmar `--cached` ita ce ke tsare maka fayil ɗin. In ka manta da ita, daga foldar ma zai tafi.

Gargaɗi na biyu: a wurinka fayil ɗin na nan, amma a idon Git gogewa ce ka yi. Duk abokin aikin da ya janyo wannan komit, nasa kwafin na iya gogewa daga foldarsa. Ka sanar da su tun kafin ka tura, kowa ya ajiye nasa a gefe.

Gargaɗi na uku shi ne mafi nauyi. Cire `.env` daga rajista bai cire shi daga tarihi ba. Duba da kanka:

`git log --all --oneline -- .env`

In ko layi ɗaya ya fito kuma an taɓa tura wannan komit, to duk mai iya buɗe ma'ajiyar yana iya karanta abin da ke ciki. Kada ka tsaya neman dabarar goge tarihi tukuna. Fara zuwa ka canza kalmar sirrin rumbun bayanai da duk wani makulli da ke cikin fayil ɗin, musamman na karɓar kuɗi. Makullin da ya taɓa hawa ma'ajiyar da kowa ke gani, ka ɗauka ya riga ya shiga hannun wani.

Akwai wani hali da ba kasafai ake gamuwa da shi ba: fayil yana rajista, ka gyara shi, amma `git status` ya yi gum. Mai yiwuwa wani ya taɓa sa masa alamar a daina dubawa. `git ls-files -v | grep -v '^H'` zai fito da su. Ƙaramin `h` ana cire shi da `git update-index --no-assume-unchanged` da sunan fayil, babban `S` kuma da `--no-skip-worktree`.

8. Kafin ka share

Yawancin masu neman jerin sababbin fayiloli share su suke son yi. Umarnin sharewa `git clean` ne, kuma ina roƙonka ka karanta wannan mataki har ƙarshe kafin ka taɓa shi. Abin da ya goge ba ya zuwa kwandon shara na kwamfuta, Git kuma ba zai iya dawo da shi ba tunda bai taɓa riƙe shi ba.

Na taɓa yin wannan asara. Ina aikin wata manhajar rajistar ɗalibai, na shafe kwana uku ina shigar da bayanan gwaji a wani fayil na SQLite da ke cikin `.gitignore`. Manhajar ta fara ba ni matsala wajen tashi, sai na buga `git clean -fdx` don in fara daga tsabtatacciyar folda. Cikin ƙiftawar ido layin `Removing` ya wuce da sunan fayil ɗin. Na duba ko'ina babu, dole na sake aikin kwana ukun daga farko. Tun ranar ban sake buga `-f` ba sai na fara buga `-n`.

`git clean -nd`

Harafin `n` na nufin a nuna kawai kada a taɓa komai, `d` kuma a haɗa da foldodi. Kowane layi zai fara da `Would remove`. Karanta su duka. In ka ƙara `x` ƙarami, har waɗanda aka kau da kai daga gare su za su shiga, wato `.env` da rumbun bayananka. Babban `X` kuwa su kaɗai yake ɗauka ya bar sababbin. Harafi ɗaya ne tsakaninsu, sai an kula.

Ko jerin ya yi maka daidai, ɗauki kwafi tukuna, daƙiƙa kaɗan ne:

`git ls-files -o --exclude-standard -z | tar -czf ../ajiyar-kanti.tar.gz --null -T -`

Wannan zai dunƙule sababbin fayilolin a ƙunshi ɗaya ya ajiye a wajen foldar aikin. `-z` da `--null` su ne ke sa sunaye masu tazara ko masu ƙ da ɗ su wuce lafiya. In kana shirin yin amfani da `x`, cire `--exclude-standard` don ƙunshin ya haɗa da kashi na uku, sai dai zai yi nauyi in `node_modules` na ciki. Wata hanyar ita ce `git stash -u`, wadda ke kwashe sababbin fayiloli tare da gyare-gyarenka ta ajiye a gefe, `git stash pop` ya dawo da su. `git stash` kaɗai ba tare da `-u` ba ba ya ɗaukar sababbi.

Bayan haka ne za ka mayar da `n` zuwa `f`, sauran haruffan kuma ka bar su daidai yadda ka gwada. Mai son a riƙa tambayarsa kafin a goge ya yi amfani da `git clean -id`.

9. Gwajin ƙarshe kafin ka miƙa aiki

Jeri na iya yi maka kyau a ido amma wani abu ya kuɓuce. Hanyar da na fi amincewa da ita ita ce in mai da kaina abokin aikin da zai sauke. Daga tushen ma'ajiyar:

`git clone . ../gwajin-kanti`

Ba ya cin data, daga foldarka yake kwafa, kuma abin da ya shiga komit kaɗai zai ɗauko. Shiga `gwajin-kanti`, yi abin da sabon mutum zai yi: `npm install` in aikin na Node ne, wanda shi kam zai ci data, sannan ka tayar da manhajar. In hoto ya ƙi fitowa, ko ta yi kukan rashin wani fayil, koma mataki na 5 da na 6 ka nemo sunansa, yana ɗaya daga cikin jerin biyu.

Kusan kullum abin da za ta fara nema `.env` ne, kuma daidai ne a ce babu shi. Sai ka ƙirƙiri `.env.example` mai ɗauke da sunayen saitunan ba tare da ainihin makullan ba, ka yi masa `add` da komit, don wanda ya sauke ya san guraben da zai cike. Ka tabbata dokar da ke `.gitignore` ba ta haɗiye shi ba, domin `.env*` zai kama har da shi. In ta kama, ƙara layin `!.env.example` a ƙarƙashinta. Idan manhajar ta tashi lafiya a foldar gwajin, goge foldar ka tura aikinka.